Cika-hannun Mai Yatsu Uku

Duk wanda ya san Farin Dutse ya san Dabo Maƙeri, ko da bai taɓa kai masa gyaran fartanya ba. Gajere ne mai kaurin wuya, kunnensa na hagu ya daɗe da barin aiki saboda ƙarar guduma, amma bakinsa bai taɓa neman hutu ba. Matarsa Hajjo takan ce da a ce da surutu ake hura wuta, da maigidanta bai taɓa taɓa zugazugi ba. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba daga inda ya tsaya. Bakin nan nasa ya sama masa abokai daga Gwaram har Birnin Kudu, kuma shi ne ya kusa cinye hannun amininsa.

Ƙira gadonsa ce. Ubansa, Malam Ɗan'auta, ya yi ƙuruciyarsa a Kano wajen masu zubin tagulla, ya dawo gida da wata dabara da ba wanda ya roƙe shi. Ya lura cewa bindigar toka in ta tashi takan yi tsalle a hannun mai ita, domin tsakanin ƙota da kunama akwai wani rami da yatsu ba sa cikawa. Sai ya riƙa tausasa kakin zuma, ya manna a wurin, ya ce wa maharbi ya damƙe kamar zai harba. Yadda yatsun suka kwanta a kakin, haka zai lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya zuba tagulla a gurbinsa. In ta huce sai a fasa yumɓun, a goge, a ɗaure a ƙota da ƙusoshi biyu. Mafarauta suka sa masa suna cika-hannu. Kaki ya narke, yumɓu ya fashe, don haka ba a taɓa yin biyu iri ɗaya ba. Kowane ɗaya hannun mutum ɗaya ne.

Na farkon da Malam Ɗan'auta ya zuba, hannun kansa ya auna. Shi ne abin da Dabo ya gada ya fi so, fiye da uwar maƙera da awartaki. Kullum yana aljihun rigarsa na dama. In ransa ya ɓaci, ko ya rasa yadda zai yi da wani aiki, sai ka ga ya zura hannu a aljihu. Yatsunsa ba su taɓa cika gurbin na tsohon ba, domin tsohon ƙaton hannu gare shi. Amma yakan ce in ya damƙe tagullar, ji yake kamar sun gaisa.

A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, wata biyu bayan rasuwar tsohon, aka kawo masa Haladu, wani maharbi daga Wurno. Bindiga ta fashe masa a hannu ta tafi da yatsu biyu na tsakiya, ta bar masa babba da manuni da ƙarami. Mutum ne da bai iya komai ba sai daji, ga shi kowa ya ce ya yi sallama da harbi. Ya zauna a bakin maƙera kansa a sunkuye, bai ko ɗago ba da aka miƙa masa ruwa. Dabo ya dubi hannun, ya ɗauko kaki. Sau huɗu yana zubawa yana narkarwa. A na biyar ya yi wa tagullar tudu a gurbin yatsun da suka tafi, ya yi mata ɗan ƙugiya inda ƙaramin yatsa zai maƙale. Haladu ya damƙa, ya ɗaga, ya harba sama, bindiga ba ta motsa ba. Ya juyar da fuska ya share hawaye da hannun riga. Tun daga ranar suka zama aminai, shi yana ce masa Maƙeri, Dabo yana ce masa Yaya.

Shekaru suka tafi, namun daji suka ja baya, samari suka koma bindiga mai harsashi. Dabo ya koma kan fartanya da lauje da gyaran garma, cika-hannu ya zama labarin da yake ba masu jiran aiki, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Sai ga Alhaji Ikrima. Mai motocin haya ne a Birnin Kudu, rabin danginsa a Kano, mutum mai laushin murya da dogon lissafi. Shi ya gano cewa akwai waɗansu masu hali a birane da ke tara tsofaffin kayan bindiga, ba don harbi ba, don a jera a bayan gilashi a nuna wa baƙi. Mutanen da ko kaza ba su taɓa yankawa ba! Da fari ana sayen cika-hannu kuɗin zakara. Kafin damina biyu ya kai kuɗin rago. Da aka gane ba a zuba sabo, kuma kowane ɗaya ba shi da ɗan'uwa, sai ya kama hanyar kuɗin ɗan maraƙi. Aka shiga kwance tsofaffin bindigogi a ƙauyuka, magada suna tone ɗakunan iyayensu. Na jabu ma suka fito, shi ya sa masu saye suka ce ba sa biya sai maƙerin ya gani ya shaida.

Nan fa Dabo ya samu abin da ya daɗe yana nema: masu sauraro. Alhaji Ikrima yakan aika a ɗauko shi, a shimfiɗa masa darduma, a kawo shayi da tsire. Ya ɗauki tagulla ya juya ta sau ɗaya ya ce, “Wannan ta Mika'ilu ce na Yalwan Damai, bahago ne, dubi inda babban yatsa ya kwanta.” Ba ƙarya yake yi ba, kuma daɗin abin yana ratsa shi har ƙashi. Sau uku Alhaji yana taya ta aljihunsa, sau uku yana cewa ko da mota aka haɗa ba zai sayar ba. To da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma wata rana shayi ya yi daɗi, ya ce, “Duk waɗannan wasan yara ne, Alhaji. Da ka ga ta Haladu mai yatsu uku, da ka san na yi aiki.” Ya kwashe labarin kaf ya ba shi, har da hawayen. Da ya dawo gida yana maimaitawa, Hajjo ta ajiye muciya ta dube shi ta ce, “Malam, ka dai sa wa hannun bawan Allah kuɗi.” Ya ce mata mata ba su san harkar maza ba.

Bayan an gama girbi a shekarar, aka aiko ya zo Birnin Kudu. Da ma yana da niyyar wucewa Wurno a ranar, domin ranar ce mafarautan can ke buɗe farauta. Al'adarsu ita ce bayan sallar azahar a taru a gindin wata kuka a bakin daji, babbansu ya ɗura albarushi ninki biyu ya harba sama, don na nesa su ji an buɗe. Shekara shida ke nan Haladu ne babba.

Dabo ya iske Alhaji a shagonsa na bayan tasha, tsakanin tayoyi da jarkokin mai. Ya duba cika-hannu guda huɗu, ya ce uku na gidansu ne, ɗaya kuwa wanda ya zuba ta ko ludayi bai iya ba. Alhaji ya yi murmushi, ya jawo wani ƙulli na farin ƙyalle daga ƙarƙashin teburi.

“Baba Dabo, yau na kawo maka wadda za ka yi murna.”

Ya warware. Ga tudu, ga ɗan ƙugiya, ga inda tafin hannu ya goge tagullar shekara ashirin da takwas har tana ɗaukar ido. Dabo ya ji kamar an zare masa ƙasa.

“Ya rasu?” in ji shi da ƙyar.

“Wa? Tsohon? Lafiyarsa lau. Ɗansa Buba ne ya kawo, makon jiya. Kuɗin sabon babur ya karɓa, ni ma kuma ban faɗi ba.”

“Haladu ya sani?”

Alhaji ya ɗan kawar da ido. “Ka san idon tsohon ya yi rauni. Buba ya ce kada a tayar masa da hankali. Na sa wani mai zubi a Kano ya danna wannan a yashi ya zuba mai kama da ita, aka shafa mata ruwan zinare, aka mayar masa a ƙota kafin ya nemi bindigar. Ko kai sai ka matso kusa.”

“Da me ya zuba?”

“Dalma, ina ji. Ai don gani ne kawai.”

Dalma! Abin da yaro zai lanƙwasa da haƙori. Dabo ya ga abin a idonsa kamar yana wurin: albarushi ninki biyu, bindiga ta yi baya, ƙusoshi su yage dalmar su fita, ƙota ta kufce, ƙarfe ya tafi da abin da ya samu. Mai yatsu biyar zai iya tsira da targaɗe. Mai uku ba shi da na bayarwa. Ya dubi inuwar rumfar shagon, ta kusa tattarewa a gindin ginshiƙi.

“Alhaji, yau zai harba. Bayan azahar. Ba ni ita.”

Alhaji ya nannaɗe ƙyallen a hankali. “Subhanallahi. To a buga waya mana.”

Haladu bai taɓa riƙe waya ba. Lambar da Dabo ke da ita a gidan guda ɗaya ce, ta Buba. Ya buga, ta yi ƙara sau biyu aka katse. Ya sake bugawa, aka ce a kashe take.

“Ba ni ita,” ya sake cewa. “Gobe in zuba masa wata in dawo maka da wannan.”

“Baba Dabo, in ta koma hannun tsohon nan ba ta ƙara fitowa, kai ma ka sani. Mai sayenta yana hanya, da la'asar zai iso. Na riga na ba da baki.”

“To zan ce ba aikina ba ne. In ga wanda zai saya.”

Alhaji bai yi fushi ba. Ya ɗauko wayarsa ya latsa, sai ga muryar Dabo ta cika shagon, tana dariya, tana ba da labarin tudu da ƙugiya da zubi biyar da hawayen Haladu. Ashe ranar shayin nan ɗauka ake yi. Dabo ya tsaya yana sauraron kansa, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ba Buba ne ya fara sayar da hannun nan ba, shi ne.

Hannunsa ya tafi aljihu kamar yadda ya saba in ya rasa mafita. Ya damƙe ta tsohonsa. Yana ɗagowa ya ga idon Alhaji a kan aljihun, ya gane cewa mafitar ce a hannunsa, ya kuma ji ya tsani hakan.

Ya fito da ita ya ajiye a teburi. Ta yi baƙi-baƙi don tsufa, gefenta ya suɗe.

“Ta farko ce. Babu wadda ta riga ta. Ka faɗa wa mutuminka in yana so in rantse masa zan rantse.”

Alhaji Ikrima ya daɗe yana kallonta, ya kalli ƙullin, ya yi lissafinsa. Sa'an nan ya tura ƙullin gaban Dabo da yatsa ɗaya. Har ya fara cewa, “Ka zauna a kawo...” amma Dabo ya riga ya kai ƙofa.

Ya tare ɗan acaba a bakin tasha, ya ce Wurno, ya ce kuma kada ya tausaya wa babur ɗin. Suka bar kwalta suka kama burji. Dabo ya rungume ƙullin a ƙirji, ɗaya hannun yana riƙe da hularsa, yana ta salati a zuci. A wata kwana garken shanu ya cika hanya, makiyayin yana tafe a bayansu kamar wanda aka ba ranar kyauta. Dabo ya sauka da kansa yana kora da hula, yana faɗa da shanu da mai shanu. Suna wucewa ya ji kiran salla daga wani ƙauye a gefen hanya. Ya san yadda limamin Wurno ke salla, ba ya ja. Kowane dutse da taya ta taka ta yi ƙara, sai gabansa ya faɗi ya ce shi ke nan, an harba.

Tun daga nesa ya jiyo ganga da haushin karnuka. Ya diro kafin babur ya gama tsayawa. Mutane sun yi da'ira a gindin kuka, mafarauta da warki da layu, masu kallo a bayansu. A tsakiya ga Haladu, dogo, ya rame, gemu fari fat, ya kafa gindin bindiga a ƙasa yana danna albarushi da sanda. A jikin ƙota wani abu yana ƙyalli, ƙyallin da tagullar gaske ba ta yi. Can bayan taro, kusa da wani sabon babur, wani magidanci ya tsaya ya harɗe hannu, gumi yana bin wuyansa. Buba ne. Suna haɗa ido da Dabo ya sunkuyar da kai.

Maganar ta riga ta hau harshen Dabo, da sunan ɓarawo da komai, a gaban garin Wurno kaf. Ya cije ta. Allah kaɗai ya san yadda ya yi.

“Yaya!” ya ɗaga murya. “Dakata. Ba ka harba bindigar da na ɗaura wa hannu ban duba ƙusa ba.”

Aka yi dariya, wani ya ce Maƙeri ya iso da fitinarsa. Haladu ya dube shi da idanunsa masu hazo, ya ɗauki bindigar ya bi shi bayan kukar, inda kaurinta ya kare su daga jama'a. Dabo ya durƙusa, ya zaro wuƙa, ya sa bakinta a kan ƙusa. Ya danna farcensa a jikin abin, farcen ya shige.

“Yaya, akwai abin da ba ka sani ba.”

“Dalma ce,” in ji Haladu.

Dabo ya ɗago.

“Shekara ashirin da takwas ina kwana ina tashi da abu a tafin hannuna, Maƙeri. Idona ne ya tafi, ba hannuna ba. Safiyar da aka canza ta, ina ɗauka na ji nauyin ba nata ba ne. Da yamma kuma na ji sabon babur a ƙofar gida.”

“Ka sani, kuma ka ɗura ninki biyu?”

“To in yi yaya? In ce ba zan harba ba, a tambaye ni dalili? In rage albarushi, kowa a nan ya san ƙarar bindigata. In na buɗe baki, yaron nan ya gama zama a garin nan, ga 'ya'yansa mata biyu sun kusa aure. Na ce bindiga ta taɓa cin yatsuna, in ta ƙara ba wanda zai yi mamaki. Za a ce tsufa ne.”

Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin gona. Haushi da tausayi suka haɗe wa Dabo, ya rasa wanda zai fara zagi, uban ko ɗan ko kansa. Bai zagi kowa ba. Ya kwance ƙusoshin, dalmar ta faɗo a cinyarsa, ya warware ƙyalle ya ɗora tagullar a mazauninta. Ta zauna daram. Ya ɗaure, ya ƙara ɗaurewa, ya miƙa.

Haladu ya damƙa. Ƙaramin yatsa ya nemi ƙugiyarsa ya samu. Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo.

“Mutanen nan ba sa mayar da abu don Allah,” in ji shi. “Me ka ba su?”

“Surutu,” in ji Dabo. “Ka san ni.”

Tsohon bai yi dariya ba. Ya miƙa hannunsa mai yatsu uku ya shafa aljihun Dabo na dama, ya ji shi a lafe. Ya bar hannun a wurin ɗan lokaci. Daga can gaba aka fara kiran sunansa, ganga ta ƙara zafi. Ya janye hannun ya juya ya fita.

Ƙarar ta tashi tsuntsaye daga kan kukar, hayaƙi ya turnuƙe, karnuka suka ruɗe. Da ya washe, ga Haladu a tsaye, bindiga a sama, ba ta goce ko kaɗan ba. Aka ɗauki kirari, mafarauta suka danna daji. Buba ya zame ya zauna a ƙasa kusa da babur ɗinsa, ya rufe fuska da hannu biyu.

Masu kallo suka kewaye Dabo, don sun san in ya zo akwai labari. Me ya samu bindigar? Me suka daɗe suna yi a bayan kuka? Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da a da zai tsare har la'asar.

“Ƙusa ce ta saki,” in ji shi.

Yana nan a Farin Dutse har yanzu, yana gyaran fartanya. Alhaji Ikrima ya aiko sau biyu, Dabo ya ce a gaya masa idonsa ba ya gani sosai. Hajjo ta lura surutun ya ragu, ta kuma lura aljihun dama ya fi da nauyi, amma ba ta tambaya ba. In ransa ya ɓaci, hannun yakan tafi aljihu da kansa, yana neman hannun tsohonsa. Sai ya tarar da dalmar nan da ya kwanto a Wurno, mai sanyi, mai gurbin yatsu uku, ya naɗe biyu na tsakiya ya riƙe ta haka.